Masu Sayar da Iri a Jarka: Sana'ar Ƙyanƙyasar Tarwada a Agyaragu da Kewayen Lafiya

Duk wanda ya bi titin Lafiya zuwa Makurdi ya san Agyaragu da doya. Ranar kasuwa manyan motoci ke jeruwa a bakin hanya, 'yan dako na lodi, dillalai na ƙirga ƙwarya-ƙwarya. Migili da Eggon da Alago da Tibi da Hausawa kowa da harshensa a gida, amma da Hausa ake ƙulla ciniki. A gari irin wannan ba sai an yi wa kowa wa'azi kan darajar iri ba. Manomin doya yakan ɗaga irin da zai saya, ya jinjina nauyinsa, ya duba kansa, ya ƙwarzane bayansa da farce, sannan ya zaro kuɗi. Idonsa ya ishe shi shaida.

Akwai wani irin kuma da ido ba ya isar mai sayensa. Shi ne wanda ake ɗaurowa a bayan babur da sassafe cikin jarka mai yankakken baki: 'ya'yan tarwada, baƙaƙe ƙanana, suna ta wutsil-wutsil a ruwan da bai kai rabin jarkar ba. Wanda ya saye su ba zai san abin da ya saya ba sai bayan wata uku ko huɗu, lokacin da buhunan abinci suka riga suka shige ruwa. Idan irin mai kyau ne, ya gode wa Allah. Idan kuwa tsumburarre aka haɗa shi da shi, jarinsa ya tafi, kuma babu alƙalin da zai kai wa ƙara.

Mutumin da ke samar da wannan iri shi ne mai ƙyanƙyasa. Sana'arsa daban take da ta mai kiwo, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya ke haɗa biyun. Mai kiwo nama yake sayarwa, a ɗora a sikeli kowa ya gani. Mai ƙyanƙyasa kuwa alkawari yake sayarwa, shi ya sa gwanintar hannu kaɗai ba ta riƙe mutum a wannan harka in babu amana.

Abin da ya sa sai da allura

Tarwada a dawa ba ta neman taimakon kowa. Da damina ta kankama, Binuwai da Mada da ƙananan rafuka suka cika suka malale cikin fadamu, sai ta bi sabon ruwa da dare, ta kutsa cikin ciyawa ta zuba ƙwai, namiji ya bi ya barbare shi, su juya su yi tafiyarsu. Babu mai gadi, babu mai raino. Cikin dubban da aka zuba, ƙalilan ne ke kai labari.

A cikin tankin siminti ko na tamfol lamarin ya sha bamban. Macen takan cika da ƙwai har cikinta ya yi tulu, amma ba za ta saki ko ɗaya ba, domin ba ta ga alamar ambaliyar da jikinta ke jira ba. Wannan ƙulli ne masu bincike suka kwance a shekarun 1970 da 1980, a tashar gwaji ta Bangui a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kuma Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, inda aka daidaita hanyar sa mace ta nuna ƙwanta da allura. A Najeriya an daɗe ana gwada kiwon kifi, tun gonar Panyam ta Filato a farkon shekarun 1950 da aikin binciken tafkin Kainji da aka fara a 1968, wanda ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa. Amma sana'ar ba ta shiga bayan gidajen talakawa ba sai daga wajejen shekarar 2000, da allurar kanti da abincin buhu suka wadata.

Yau babu ƙasar da ta kai Najeriya kiwon tarwada a Afirka. Duk da haka giɓin na da faɗi: alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha bayyanawa sun nuna ana buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai wuce sulusin haka ba sosai. Tarwada ta samu wannan matsayi ne saboda taurin ranta. Tana da wata gaɓa a saman kunnuwanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, don haka tana jure cunkoso da ruwan da zai kashe ƙarfasa cikin dare ɗaya. Sai dai wannan taurin rai na babba ne. Ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya bai da shi, kuma a nan ne aikin yake.

Daren allura, safiyar tatsa

Aikin yana farawa da zaɓen uwa. Ana son wadda ta shekara ko fiye, mai nauyin kilo ɗaya zuwa sama, cikinta ya kumbura ya yi laushi, mafitarta ta yi ja-ja. Gwani yakan danna cikin a hankali da babban yatsa, 'yan ƙwayaye su fito, ya duba su a tafin hannu. In girmansu ɗaya ne, launinsu kore mai ratsin ruwan ƙasa, kuma suna rarrabuwa, ta isa. In sun fito a cure ko da fari-fari, a mayar da ita ta ƙara kwanaki.

Sai a ɗora ta a sikeli, domin da nauyi ake auna allura. Ovaprim da Ovulin su ne aka fi sani, kuma rabin mililita ake ba kowane kilo. Tsofaffin hannu sun san wata hanyar da ba ta buƙatar kanti: a fasa kan wata tarwadar, a ciro wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a niƙa ta cikin ruwan gishirin asibiti, a zuƙa a sirinji. Ko wacce aka zaɓa, yaron gida zai rufe kan kifin da jiƙaƙƙen tawul don ta natsu, maigida ya soka allurar a tsokar baya, gefen ƙayar gadon bayanta, ya murza wurin da yatsa. Daga nan a sa ta ita kaɗai a baho, a rufe da katako a danne da bulo. Wanda ya haɗa mata biyu a baho ɗaya zai wayi gari ya tarar sun yayyage juna.

Yawanci da daddare ake yin allurar, bayan sallar isha'i, don tatsa ta faɗo da safe. Tsawon jiran ya danganta da ɗumin ruwa: a zafin Lafiya na watan Maris awa takwas ko tara ta isa, da sanyi kuwa sai a haura sha biyu. Nan ne ake gane wanda ya iya. In aka yi gaggawa ƙwan ba zai zubo ba sai da matsa, ya fito da jini. In aka yi jinkiri kuma a tarar ta zubar da rabinsa a baho, sauran ya wuce nuna.

Kafin a taɓa macen, sai an gama da namijin, kuma shi nasa rabon wuƙa ne. Yadda halittarsa take, matsa ba ta fitar da maniyyinsa, dole a farke cikinsa a ciro marainan biyu. Masu kyau farare ne tas, a cike, gefensu da tsaga-tsaga. A goge jinin da takardar goge hannu, a tsattsaga su da sabuwar reza, a matse farin ruwan cikin ɗan kofi mai ruwan gishiri. Gangar jikinsa kuwa ta wuce kicin, shi ya sa yaran gida ba sa ƙin ranar tatsa.

Doka ɗaya ce a wannan lokaci: komai a bushe. Robar da za a tatsa a ciki, cokalin roba, hannun mai tatsa, har jikin kifin sai an tsane shi. Ɗigon ruwa ɗaya na tayar da maniyyin, wanda ƙarfinsa bai wuce minti guda ko makamancin haka ba, yana kuma sa ƙwan ya kumbura ya rufe ƙofarsa. Mutum ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya riƙe wutsiya yana shafa cikin daga sama zuwa ƙasa, ƙwan na kwarara yana sheƙi. Da an ga alamar jini a tsaya. Kowane giram ɗaya na ɗauke da ƙwai wajen 600, uwa mai kilo ɗaya kuma tana iya ba da giram 100 ko fiye. A zuba maniyyin, a juya a hankali, sannan a ƙara ruwa mai tsabta a ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Sai a yi maza a barbaza shi a kan ragar sauro da aka ɗaure a firam, tana shawagi a cikin tanki, shimfiɗa ɗaya ba tare da wani ya hau kan wani ba. Ƙwan na da danƙo, inda ya faɗa nan zai manne.

In ruwan na tsakanin digiri 27 da 30, kafin a zagayo wannan lokaci washegari an fara ganin motsi. 'Ya'yan na sulalewa ta ramukan ragar su faɗa ƙasa, su taru a lungun da ya fi duhu, kowanne da 'yar jakar gwaiduwarsa a ciki. Ƙwan da bai kama ba ya yi fari ya tsaya a sama. Dole a ɗage ragar a kan lokaci, domin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke fara ɓata ruwa, farar gansakuka ta tsiro a kansa ta bi ta kama masu rai.

Mako uku na rashin barci

Baƙo yakan ɗauka tatsa ce sana'ar, saboda ita ce abin kallo. Masu yi sun san ana koyonta a mako guda. Abin da ke cin shekaru shi ne raino, kuma rainon 'ya'yan kifi kusan dukkansa kula da ruwa ne.

Kwana uku na farko ba a ba su komai, gwaiduwarsu suke ci. Ranar da ta ƙare suka fara yawo neman abinci, sai a fara da atimiya, wato ƙwan wani ɗan jatan lande na ruwan gishiri da ake shigowa da shi a gwangwani, mafi shahararsa daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta ta Amurka. Bayan 'yan kwanaki a koma ga garin abinci mai lamba 0.2, a hau 0.3, 0.5, 0.8, har zuwa milimita 2, gwargwadon yadda baki ke buɗewa. Ana ba su kaɗan-kaɗan, duk bayan 'yan awoyi, har da tsakar dare. Sabon shiga yakan ji tausayinsu ya watsa da yawa, alhali ƙoshi ya fi yunwa kisa a ɗakin ƙyanƙyasa: abin da ba su ci ba yana kwantawa a ƙasa ya ruɓe, ruwan ya yi guba.

Saboda haka kowace safiya da yamma mai ƙyanƙyasa na duƙe da siririn tiyo a hannu, yana zuƙe dattin ƙasan tanki zuwa cikin roba, sannan ya bi robar da cokali ya tsamo 'ya'yan da suka biyo. Famfo na ɗiga ta wannan gefe, ruwa na fita ta wancan, dare da rana. Yana shiga ɗakin hancinsa ke fara ba shi labari, tun kafin ido. In ya ga sun taru a inda ruwa ke shigowa, iska ta yi musu kaɗan. In ya ga wasu sun tsaya a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ko gashin bakinsu ya fara fari, to ciwo ya shigo. Tsakanin mako na farko da na biyu ne aka fi yin asarar da ke sa mutum ya zauna a bakin tanki ya yi tagumi: jiya dubu hamsin suna wasa, yau ƙasan tanki ya yi fari fat. Da yawa sukan ruga ga kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wasu su jiƙa shuwaka, wasu su sa gishiri. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan fara da tambayar ruwan tukuna, domin ruwa ba ya tsami banza.

Ba kowane ruwa ne ke yin wannan aiki ba. Na famfon gwamnati yana da sinadarin kulorin, wanda ke kashe su nan take in ba a bar shi ya kwana a buɗe ba. Na rijiyar burtsatse ya fi, amma shi ma yakan fito ba iska a cikinsa, wani da tsami, wani da tsatsa, don haka sai an tara shi a tankin sama ya huta. Tara shi kuwa sai da wuta, ga kuma halin da wuta ke ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin janareto ya kori wasu daga sana'ar, masu ɗan hali suka koma sola. Hunturu ma da nasa. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba na hana ƙwai ƙyanƙyashewa, sai ka ga an lulluɓe ɗakin da baƙar leda, an kunna gawayi a kurfoti a kusurwa. Wanda ya iya fitar da iri a wannan lokaci shi ke cin kasuwa, domin da damina kowa gwani ne, farashi kuma ya faɗi.

Sai maganar shuta. A kowace ƙyanƙyasa akwai 'yan tsiraru da ke zarce 'yan'uwansu girma tun a mako na biyu, su ake kira shuta. Tarwada kuwa duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, ko da ɗan'uwanta ne. Ka leƙa ka ga wani da wutsiyar wani a bakinsa, yana yawo da ita. Shuta goma da aka manta da su a tanki sun isa su rage dubbai. Maganinsu tacewa: a kwashe duka a bi da rariya mai ramuka daban-daban, manya gefe, matsakaita gefe, ƙanana gefe, a maimaita duk mako. Aiki ne na sanyin safiya da tattausan hannu, domin kifin da aka wahalar yau gobe zai mutu.

Ciniki a bakin tanki

Bayan mako huɗu zuwa shida sun zama fingalin, tsawon santimita 3 zuwa 5. A ƙara mako biyu ko uku su zama jubenayil, waɗanda suka fi tsada amma suka fi jure hannun sabon makiyayi. Masu saye iri-iri ne: ma'aikacin da ke shirin ritaya, matar aure mai tamfol biyu a bayan ɗaki, matashin da ya gama bautar ƙasa, da manyan masu gonaki da ke kai kifi Lafiya da Makurdi da kasuwar kifi ta Kado a Abuja. Wasu wata uku kawai suke kiwo su sayar wa mata masu banda, wasu su kai wata biyar ko shida don masu farfesu.

Cinikin yakan tafi kamar haka:

"Malam, satinsu nawa?"

"Biyar, Hajiya, jibi su cika shida."

"Ba dai ragowar na wancan watan ka haɗa mini ba?"

"Haba Hajiya! Ga su nan, watsa musu abinci da hannunki ki gani."

Tambayar Hajiya ita ce zuciyar lamarin. Duk tacewar da aka yi tana barin na ƙasan rariya, waɗanda ba sa girma. Kifi mai wata uku da ya tsumbure da mai mako biyar lafiyayye tsawonsu ɗaya a ido. Marar tsoron Allah yakan tara irin waɗannan ya sayar wa wanda bai sani ba, musamman ta waya, a aiko da su a motar haya. Mai kiwon zai yi ta zuba abinci, wanda shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, ko Coppens ne ko Skretting ko Blue Crown ko Vital, kifi kuwa na nan jiya i yau. Alamomin da ake dubawa sanannu ne: tsumburarre kansa ya fi jikinsa, jikin ya rame, fatar ta dushe. Lafiyayyu kuwa girmansu ɗaya, da abinci ya taɓa ruwa sai su yi masa caa. Amma mafi ingancin gwaji shi ne mutum ya je da ƙafarsa, ya ga tankin, ya ga iyayen, ya tambayi wanda ya taɓa saye a wurin.

In an daidaita, ba a ba su abinci kwana guda kafin tafiya, don kada su ɓata ruwan jarka. Da asuba ake ƙirga, da 'yar rariya, mai saye na tsaye yana bi da baki. A ƙarshe a ƙara masa gyara saboda na hanya. Wasu kan ɗiga manja kaɗan don kashe kumfa. In an isa, ba a juye su kai tsaye: a sa jarkar cikin ruwan tankin ta ɗan jima, ɗumin ya daidaita, sannan a karkata bakin su fita da kansu.

Mai son koyo yana da ƙofofi a kusa. Akwai kwalejin aikin gona ta Lafiya, akwai tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu, wadda ke da sashen kiwon kifi. Duk da haka yawancin masu yi a hannun wani ogan suka koya, suna wanke tanki suna riƙe tawul, har ranar da aka miƙa musu sirinji.

Kifin da ba a ci

Hannun da ya iya rainon tarwada zai iya rainon wani kifin da ba don tukunya ake kiwonsa ba. A shagunan kifin ado na Legas da Abuja akwai wani ɗan kifi mai suna beta, tsawonsa bai wuce santimita 7 ba, wutsiyarsa baza-baza, ja ko shuɗi ko fari. Asalinsa gonakin shinkafa da kududdufan ƙasar Tailan, inda aka daɗe ana haɗa mazansa faɗa ana caca a kai, kafin masu kiwo su karkata ga kyan launi. A 2019 gwamnatin ƙasar ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Shi ma yana shaƙar iska daga sama, shi ya sa yake rayuwa a ɗan akwatin gilashi ba tare da injin iska ba, kuma ɗumin da yake so, digiri 26 zuwa 28, kyauta ne a Lafiya mafi yawan shekara.

Wajen haihuwa kuwa kishiyar tarwada ne. Ba allura, ba reza. Namijin ne ke hura kumfa da bakinsa ya gina sheƙa a saman ruwa, ƙarƙashin ganye. Mai kiwo yakan sa macen a kwalba a cikin akwatin, su ga juna kwana ɗaya ko biyu ba tare da ya kai gare ta ba, sannan a sake ta. Ya naɗe ta da jikinsa a ƙarƙashin sheƙar, ƙwai na zubowa yana bi yana tsincewa da baki yana maƙalawa a kumfa. Da sun gama a cire macen, in ba haka ba yana iya kashe ta. Shi zai yi gadi, duk wanda ya faɗo ya mayar, har su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ranar da suka fara iyo da kansu, shi ma a ɗauke shi. Daga nan aikin ya koma irin wanda mai tarwada ya sani: abinci ɗan mitsitsi, atimiya, zuƙe datti, canjin ruwa. Bambancin shi ne bayan wata biyu zuwa uku kowane namiji sai an ba shi kwalbarsa, don biyu ba sa zama wuri ɗaya. Kasuwarsa ƙarama ce, ta otal-otal da ofisoshi da gidajen masu hali, ba wanda zai rushe tankin tarwadarsa saboda ita. Amma ba ta cin wuri, ba ta cin buhu.

Abin da zai fi ba mutumin wannan yanki mamaki shi ne, a cikin kifayen ado da Turawa ke ji da su akwai na gida. Wani ɗan kifi ne na ƙananan rafuka da kududdufan Najeriya da Kamaru, masana na kiransa Fundulopanchax gardneri. Namijinsa shuɗi-kore ne da ɗigo-ɗigon ja, gefen wutsiyarsa rawaya. Masu kiwonsa a Turai da Amurka suna da ƙungiyoyi, suna aika wa juna ƙwansa ta gidan waya cikin danshin ƙasa. Kowane dangi kuma da sunan wurin da aka fara kamo kakanninsa ake kiransa: akwai na Makurdi, akwai na Akure, akwai na Nsukka, akwai wanda aka rubuta wa Lafia a jikin gilashi. Ƙa'idarsu ita ce ba a haɗa na wani gari da na wani, kuma duk wanda ya ba ka ƙwai zai ba ka sunan tare da shi. Shekaru da dama ke nan suna riƙe da wannan lissafi, a kan kifin da yaro zai kama a rafi ya watsar.

Wannan lissafin ne ya yi ƙaranci a ɗakunan ƙyanƙyasarmu. Tambayi mai ƙyanƙyasa daga ina uwar nan ta fito, sau da yawa amsar ita ce daga wani mai kiwo ya saye ta, wanda shi ma a wurinsa ya sayi 'ya'yan bara. Wato wa da ƙanwa ake ta haɗawa, zuriya bayan zuriya, sannan a yi ta mamakin yadda 'ya'ya ke fitowa da karkataccen baya, ko suke ƙin girma duk tsadar abincin da aka ba su. Wani ya ce maka nasa ɗan Holan ne, wani ya ce haɗin tarwada da ramboshi ne, babu takardar da za ta gaskata ko ta ƙaryata.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Namiji daga gona ɗaya, mace daga wata mai nisa, lokaci-lokaci a nemo sabon jini daga wurin da aka san asalinsa. Sai littafi na 'yan makaranta da biro a rataye a ƙofar ɗakin: ranar allura, nauyin uwa, inda ta fito, inda uban ya fito, ranar ƙyanƙyasa, ranakun tacewa, wanda ya saya da lambar wayarsa. Bayan wata huɗu a kira shi a ji yadda kifin ya yi. Mai ƙyanƙyasar da ke yin haka zai san wace uwa zai riƙe, wacce zai kai wa masu farfesu, kuma ranar da mai saye ya tambaye shi satinsu nawa, sai ya buɗe shafin ya miƙa masa ya karanta da kansa.